Amsa ga ɗalibar da ta nemi jerin kalmomin Turanci kan sauyin yanayi

Assalamu alaikum, 'yata.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kin bugo waya kika ce ke ɗalibar aikin jarida ce, kina son in lissafa miki kalmomin Turancin da za ki haddace don bin muhawarar sauyin yanayi, ki kuma gane 'yan siyasar da ke musanta shi. Lokaci ya ƙure kafin in kai gare ki, ga amsar a rubuce.

Kalmomin kimiyyar ba za su ba ki wuya ba. Sunan iskar da ke riƙe zafi a sama, da na hayaƙin masana'antu, da na makamashin da ake haƙowa kamar kwal da fetur da gas, duk suna cikin ƙamus, kuma ba su da baki biyu. Inda nake so ki sa ido shi ne ƙananan kalmomin da ko ɗan sakandare ya sani, don a cikinsu manya ke ɓuya.

Ranar 12 ga Disamba 2015, ana dab da amincewa da yarjejeniyar Paris ta ƙasashen duniya kan sauyin yanayi, wakilan Amurka suka hango "shall" a sakin layin da ke maganar ƙasashe masu arziki su rage hayaƙi. A bakin lauyoyi wannan farilla ce, "should" kuwa mustahabbi. Da an bar "shall", da wataƙila sai Shugaba Obama ya kai takardar Majalisar Dattawan Amurka, inda ba shi da rinjayen kashi biyu cikin uku da ake buƙata don amincewa da ita. Taro ya tsaya cak, aka yi ta ƙus-ƙus, daga ƙarshe aka sanar cewa kuskuren bugu ne na ma'aikatan da suka kwana ba barci, aka mai da ita "should". A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ma haka aka yi da kwal. An rubuta "phase out", wato a daina gaba ɗaya, Indiya da Sin suka dage sai an ce "phase down", a dai rage. Shugaban taron, Alok Sharma, ya ba da haƙuri murya na rawa. Wanda ya fassara duka biyun da "rage amfani da kwal" ya zubar da labarin ranar bai sani ba.

Musu na fili shi ne mai sauƙin ganewa. Kalmarsu "hoax", wato ƙarya ce aka ƙulla. Trump ya rubuta a 2012 cewa Sinawa ne suka ƙirƙiro zancen ɗumamar duniya don su karya masana'antun Amurka, kuma sau biyu yana ba da umarnin ficewa daga yarjejeniyar Paris, a 2017 da 2025. A Fabrairun 2015 Sanata James Inhofe na Amurka ya shiga zauren majalisa da curin ƙanƙara a leda, ya ɗaga shi sama, wai ina zafin da ake faɗa? Dabararsa ita ce haɗa "weather" da "climate". Mu ya kamata mu fi kowa lura a nan, tunda duka biyun yanayi muke cewa. Na farko halin yau da gobe ne, na biyu kuwa abin da aka auna na shekara talatin ko fiye. Sanyin hunturun bana, komai tsananinsa, bai ƙaryata komai ba.

Masu wayon ba sa ɗaukar ƙanƙara. Wani mai ba jam'iyyar Republican shawara, Frank Luntz, ya rubuta musu a farkon mulkin George W. Bush cewa su riƙa cewa "climate change" (sauyin yanayi) maimakon "global warming" (ɗumamar duniya) don ta farkon ta fi rashin ban tsoro, kuma su yi ta nanata cewa masana ba su gama cimma matsaya ba. Kada ki ɗauka shi ya ƙago kalmar "climate change", kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ɗauke da ita a sunansa tun 1988. Abin lura shi ne kashi na biyu na shawarar: ba sai ka ce ƙarya ne ba, ka dai ce da sauran bincike.

Shi ya sa irin waɗannan suke son a kira su "sceptics", masu tantama, suna mai daraja a wajen masana. Kamfanin dillancin labarai na AP ya daina ba su shi a 2015, jaridar Guardian ta Birtaniya kuma a 2019 ta koma ce musu "deniers", masu musu. Ni dai na fi son ki faɗi abin da mutum ya ƙi yarda da shi, ki bar laƙabi. Manomin da ya ce ƙarancin ruwan sama ikon Allah ne bai musanta komai ba, ya riga mu ganin damina na ja da baya. Ministan Afirka da ya ce ba za mu bar gas ɗinmu a ƙasa ba alhali hayaƙin nahiyar kusan kashi 4 cikin 100 ne kacal, shi ma rigimar adalci yake yi, ki saurare shi a kan haka.

In kin ji "net zero", kamar yadda Buhari ya ɗaukar wa Nijeriya alkawarin 2060 a Glasgow, ba ana nufin hayaƙi zai ƙare ba. Ana nufin wanda aka fitar da wanda aka zuƙe za su yi daidai a lissafi. Ki tambayi wa ke riƙe da lissafin, da abin da aka sa a kasafin kuɗin bana.

Sai "loss and damage", asusun da aka amince da kafawa a Masar a 2022 don ƙasashen da ambaliya da fari suka yi wa ɓarna. Ina yawan jin ana ce masa asusun diyya. Ki guji wannan. Diyya sai wanda ya amsa laifi, ƙasashe masu arziki kuwa tun a Paris suka sa aka rubuta ƙarara cewa wannan babin ba hujjar ɗora alhaki ko neman diyya ba ne. Ki ce asusun asara da ɓarna, ki kuma gaya wa mai sauraro cewa zuba kuɗi a cikinsa ganin dama ne.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Wassalam.