Kafin mai haɗa sola ya tafi, a duba waya ɗaya, a karɓi makullin manhaja

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu sola a gida kan abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi ranar haɗi, wato na'urorin da ke sa ido kan batir da inbata, da hanyoyin da suke musayar bayanai. Haɗa sola da gyaranta ne sana'ata, kuma yawancin kiran da nake samu ba faifai ne ya fashe ba, ba inbata ce ta ƙone ba. Mai gida ne bai san abin da ya rage a batirinsa ba sai da wuta ta ɗauke masa cikin dare.

Batirin litiyam da ake sa wa gidaje yanzu, irin wanda ake kira LFP, yawanci ƙwayoyi 16 ne a jere, kowace bolt 3.2, jimla 51.2. Halinsa shi ne boltej ɗinsa kusan ba ya motsi daga caji kashi 20 har zuwa wajen kashi 80. Wanda ya saba da batirin ruwa, inda kallon boltej kan ba ka labari, sai ya yaudaru. Inbata ma haka take yaudaruwa idan boltej kaɗai take gani. Mai sanin gaskiya shi ne ɗan allon da ke cikin batirin, BMS, domin shi ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, shi ke auna zafi, shi ke lura da kowace ƙwaya. Amma saninsa ba ya amfanar kowa sai an ja waya daga gare shi zuwa inbata, ta ɗaya daga hanyoyin musayar bayanai da ake kira CAN ko RS485.

A nan ake samun sakaci. Kan wannan wayar iri ɗaya ne da na wayar intanet, sai a ɗauko kowace a soka. Alhali kowane kamfani da tsarin da ya jera ƙananan wayoyin ciki, kuma dole a zaɓi yaren da ya dace a saitin inbata, wani lokaci har a kan ƙananan makunnan jikin batir. Idan abin ya ƙi, wasu abokan sana'ata sukan mayar da inbata kan saitin boltej su kama gabansu. Wuta za ta kawo, mai gida zai yi godiya, amma batir mai tsada yana aiki a makance. Gwajin ba shi da wuya. Ka ce a nuna maka a fuskar inbata adadin caji, da zafin batir, da iyakar wutar da batirin ya yarda a tura masa. In waɗannan ba su fito ba, ba a gama aiki ba.

Sai ɗan abin nan mai kama da sanda da ake sokawa a ƙasan inbata domin ya kai bayanai wayar hannu. Galibinsu Wi-Fi mai zangon 2.4 GHz kawai suke kamawa, ba sa ganin mai 5 GHz, kuma sau da yawa wannan ne kawai dalilin da ya sa ake cewa ya ƙi haɗuwa. Da yawansu duk minti biyar suke aika bayani, saboda haka abin da ke kan manhaja ba na wannan daƙiƙar ba ne. A tabbatar rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, tana kan layin da batir ke riƙewa, in ba haka ba sa idon zai mutu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Ma'aunin nan mai kama da zobe da ake maƙalawa a babbar waya kuma yana da kibiya a jikinsa. Aka juya shi, lissafin wutar da gida ya sha da wadda ya mayar duk sai ya birkice.

Abin da ya fi damuna shi ne asusun manhaja. Na sha zuwa gida in tarar wanda ya yi haɗin farko da imel ɗinsa ya yi rajista, shi kaɗai ke da kalmar sirri, kuma an daɗe da rabuwa da shi. Mutane suna ɗaukar manhajar nan abin kallo ce kawai. A inbatoci da yawa, mai riƙe da asusun yana iya canza iyakar caji, ya sauya yanayin aiki, ya ma kashe ta daga nesa. Kayanka ne, a ɗakinka suke, amma makullin yana aljihun wani. Ba kuma tsohon ma'aikaci kaɗai ne abin tsoro ba. A watan Maris na 2025 kamfanin binciken tsaron intanet na Forescout ya bayyana kafofin kutse 46 da ya gano a kayan Sungrow da Growatt da SMA, wasunsu suna iya ba wa baƙo damar sarrafa inbata. Ban kawo wannan don in ɓata wani kamfani ba, sai don a gane cewa duk abin da aka jona da intanet yana buƙatar sabuntawa da kulawa.

Saboda haka mai gida ya yi rajista da imel ɗinsa, shi ya ba wa ma'aikaci izinin shiga, ya janye idan aiki ya ƙare. A canza kalmar sirrin da ta zo daga masana'anta. Wanda ba ya son bayanan gidansa su fita waje, ko intanet ɗinsa ke yawan yankewa, yana iya sa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da manhaja kamar Home Assistant, ta riƙa karanta inbata kai tsaye a cikin gida.

Ina kira ga 'yan uwana masu wannan sana'a da mu mayar da miƙa asusu da gwajin wayar batir cikin sharuɗɗan kammala aiki, a rubuce, kafin a karɓi cikon kuɗi.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu, mai sana'ar haɗa sola