Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi kan Sabuwar Iyakar Amfani da API

Zuwa ga Shugabannin Kamfani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu mai tattara farashin hatsi a kasuwannin Kano da Jigawa, domin mu nuna rashin jin daɗinmu kan yadda kuka rage adadin buƙatun da asusu ɗaya zai iya aikawa ta API ɗinku (hanyar da manhajarmu ke bi ta tura muku bayanai) a cikin minti ɗaya, ba tare da kun sanar da mu tun da wuri ba.

Mun yarda cewa sabarku, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun, tana buƙatar kariya daga cunkoso. Ƙorafinmu yana kan ma'aunin da kuka zaɓa, domin an gina shi ne bisa zaton cewa kowa yana da intanet dare da rana. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ma'aikacinmu yakan wuni yana cike fom a waya da farashin buhun gero da dawa da wake, amma ba ya samun sabis mai ƙarfi sai da yamma idan ya fito bakin titi. A daidai wannan lokacin sauran abokan aikinsa su ma suke turo nasu, sai sabar ta mayar da lambar 429, alamar buƙatu sun yi yawa. Wayar ta sake gwadawa, ku kuma ku lissafa wannan gwajin da bai yi nasara ba a cikin kason buƙatun da kuka ware mana na rana, har kason ya ƙare fom na nan a maƙale. Ba ya sabuntuwa sai ƙarfe 12 na dare a agogon UTC, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya, lokacin da ma'aikacinmu ba shi da sabis mai ƙarfi, alhali 'yan kasuwar Dawanau suna son rahoton kafin su fara ciniki da safe.

Ƙa'idar intanet mai suna RFC 6585 ta shekarar 2012, wadda ta kawo lambar 429, ta ba da damar haɗa amsar da bayanin Retry-After, domin manhaja ta san tsawon lokacin da za ta jira. Amsarku ba ta ɗauke da shi, ba ta kuma nuna abin da ya rage a kasonmu.

Shawarar da ma'aikatanku suka ba mu ita ce mu koma tsari mai tsada da ake biya da dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin dala ya ninka fiye da sau biyu, kuma yawan bayananmu na wata bai taɓa wuce abin da muka biya ba.

Saboda haka muna roƙon ku riƙa lissafin a kan wata, ku ƙyale turowa mai yawa a lokaci guda, ku daina ƙirga buƙatun da ku da kanku kuka mayar, ku saka Retry-After a amsarku, sannan ku riƙa ba da sanarwa a rubuce aƙalla wata uku kafin kowane sauyi. Muna sauraron amsarku kafin a fara girbin bana, lokacin da aikinmu ya fi yawa.

Naku,
Mai kula da sashen bayanai,
Kano