Kafin a Ɗauko Tsohuwar Vespa Zuwa Ingila, a Fara Duba Lambar Jikinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwanmu mazauna Ingila da kuma danginsu na gida, game da wata sha'awa da nake yawan ji a bakin matasanmu na nan, wato su ɗauko tsohuwar Vespa da suka gada daga mahaifi ko kaka, a sa ta a kwantena daga Legas, a kawo musu ita su riƙa hawa.

Sha'awar ba abin zargi ba ce. Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Katsina a shekarun 1970 zuwa 1980 ya san cewa Vespa ita ce abin hawan malaman makaranta da akawu da dattawan kasuwa, domin tana ɗaukar mai babbar riga ba tare da ta ɓata masa sutura ba. Su ma Turawan Ingila suna da tsohuwar alaƙa da ita. Kamfanin Piaggio ya fara ƙera ta a Pontedera ta ƙasar Italiya a 1946, kamfanin Douglas kuma ya riƙa haɗa ta a Bristol daga 1951 zuwa 1965, shi ya sa har yau kayan gyaranta ba sa wuya a nan. Abin da ke damu na shi ne, dangi kan kashe kuɗi a fenti da sabuwar kujera kafin a loda babur, su bar abin da hukumomin Ingila za su fara tambaya a kai, wato shaidar shekarar da aka ƙera shi.

A ƙasar nan tsufan abin hawa yana da daraja a wurin doka. Tun daga watan Mayu na 2018, abin hawan da ya haura shekara 40 ba dole ba ne a kai shi binciken lafiya na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a yi masa babban sauyi a jiki ko a inji ba cikin shekara 30 da suka gabata. Haka kuma mai shi yana iya neman hukumar DVLA mai rajistar ababen hawa ta sa shi a rukunin ababen hawa na tarihi, inda ba a biyan harajin hanya, ko da yake dole ne a sabunta rajistar harajin kowace shekara duk da cewa ba a biyan ko kwabo. Ga mazauna Landan, wannan rukuni ne ke kuɓutar da su daga fam 12.50 da ake karɓa kullum daga ababen hawan da ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba a yankin rage hayaƙi na ULEZ, wanda aka faɗaɗa ya game dukan birnin a ranar 29 ga Agusta 2023. Hatta a wurin kwastam, abin hawan da ya kai shekara 30, yana nan a yadda aka ƙera shi, kuma an daina fitar da samfurinsa, ana iya yi masa harajin VAT na kashi 5 cikin ɗari maimakon 20.

Duk wannan rangwame ya rataya ne a kan 'yan haruffa da lambobi da aka buga a ƙarfen jikin babur, ƙarƙashin murfin gefe. Haruffan farko su ne ke faɗin samfurin: VBC1T na nufin Super 150, VLB1T na nufin Sprint 150, VLX1T kuma PX mai 150, wadda danginta suka fara fitowa a 1977. Da wannan lamba ne ƙungiyar masu Vespa ta Biritaniya, ko shi kansa kamfanin Piaggio, ke ba da takardar shaidar shekarar ƙira. A nan ne baburanmu na gida suka fi samun cikas. Bakanikenmu gwani ne wajen raya abin da ya mutu, kuma ba na raina aikinsa, amma aikinsa shi ne babur ya tashi, ba ruwansa da tarihi. Vespa da ta yi shekara 45 a Arewa sau da yawa an sauya mata inji, ko an jona mata gaban wata da bayan wata, ko an sa mata kayan Bajaj Chetak ta Indiya, wadda ta fito a 1972 da siffar Sprint har mutum ya kasa bambance su daga nesa. Wani lokaci kuma mai walda ne ya bi ta kan lambar, ko mai fenti ya cike ta. Idan DVLA ta yi shakkar asalin babur ko shekarunsa, sai ta ba shi lambar rajista mai farawa da harafin Q, kuma mai irin wannan lamba yawanci ya yi sallama da rangwamen da na lissafa. Shawarata ita ce, kafin a biya kuɗin jirgin ruwa, a kankare wurin lambar a hankali, a ɗauki hotonta da na lambar inji, a aiko nan a tantance, a kuma nemo duk wata tsohuwar takardar mallaka da ke cikin akwatin marigayi.

Idan babur ya iso, ana da kwana 14 a sanar da hukumar haraji ta HMRC ta tsarin NOVA. Bayan nan sai a cika fom V55/5, a haɗa da shaidar shekarar ƙira da fam 55 na rajista, a aika wa DVLA. Inshora kuwa dole ce komai tsufan babur; wanda aka kama ba shi da ita zai biya tarar fam 300, a rubuta masa makin laifi 6 a lasisi, 'yan sanda kuma suna da ikon kwace babur ɗin.

Lasisi ma yana ba mutanenmu mamaki. Na Najeriya yana aiki ne wata 12 kacal daga ranar da mutum ya zama mazauni, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na Biritaniya. Horon farko na CBT, wanda takardarsa ke aiki shekara 2, yana ba mutum izinin hawan babur da bai wuce 125cc ba, da alamar L ta mai koyo gaba da baya, ba goyo. Tun da yawancin Vespa da iyayenmu suka hau masu 150 ne, wanda ya kawo ɗaya sai ya ci jarrabawar lasisin A2 ko wanda ya fi shi kafin ya fita da ita titi.

Akwai masu ganin cewa tun da an yafe musu MOT, sun huta. Ban yarda da su ba. Doka ta ɗauke bincike ne kawai, ba ta ɗauke alhaki ba, kuma hawa abin hawa mai hatsari na iya jawo tarar da ta kai fam 2,500 da maki 3 a lasisi. Ni a ganina mai tsohuwar Vespa ya kamata ya riƙa kai ta binciken da kansa, domin idon wani ya fi naka ganin birkin da ya fara sanyi. Jikin Vespa farantin ƙarfe ne da aka matsa ya zama ƙashin bayanta gaba ɗaya, saboda haka tsatsar da ta ci wurin ajiye ƙafa da ramin da ke tsakiyarsa ta ci ƙarfin babur ɗin ne, kuma shafa fenti a kanta kitso ne da ƙwarƙwata. Busasshiyar iskar Arewa ta adana waɗannan babura shekaru da yawa, amma damshin Ingila da gishirin da ake watsa wa tituna lokacin hunturu ba su da wannan sassauci, don haka wanke ƙasan babur da shafa masa man kariya aiki ne na dole. Taya kuma, doka na neman zurfin zanenta ya kai milimita 1, sai dai tayar da ta daɗe a ajiye takan tsattsage ko da zanenta bai goge ba, gara a sauya ta tare da tif ɗinta.

Fetur shi ma ya sauya. Tun daga Satumba 2021 fetur na gama-gari a Biritaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ke cinye tsohuwar tiyon mai da robobin kafireta, yana kuma janyo ruwa cikin tanki idan babur ya daɗe a tsaye. E5 da ake sayarwa a famfon fetur mai tsada shi ya fi dacewa da ita. Man 2T a riƙa auna shi da ma'auni, mililita 20 a kowace lita ga samfuran da na ambata, a daina zubawa da ƙiyasin ido kamar yadda aka saba a gida, domin yawansa na toshe fulogi da salansa, ƙarancinsa kuma na ƙona fistin. Wayoyin kuloci da na giya da na totur suna tsinkewa ba sanarwa, mai hankali yakan ajiye na ko-ta-kwana a akwatin babur. Fitilar gaba ma a duba ta, domin Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, Ingila kuwa hagu ake bi, kuma hasken da aka saita don hannun dama zai riƙa dukan idon masu tahowa.

Wanda ba zai hau babur ɗinsa a watannin sanyi ba, kuma ba ya son ci gaba da biyan inshora, sai ya sanar da DVLA ta hanyar SORN cewa ya janye shi daga titi, ya ajiye shi a gareji ko cikin harabar gida, domin babur mai SORN ba a yarda a bar shi a gefen titin gwamnati ba ko da dare ɗaya.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai karatu,
Birmingham, Ingila.