Ga Masu Ciwon Suga da Ke Fama da Ciwon Ciki

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Mai ciwon suga da ke ƙoshi daga loma uku, ko yawan kumburin ciki da amai, kada ya ɗauka olsa ce kawai. Suga idan ya daɗe yana lalata jijiyar da ke motsa tumbi, sai abinci ya riƙa kwana a ciki. Daga nan awon suga ya rikice, allurar insulin ta riga abinci aiki.

Likita kan fara leƙa cikin da kyamara, ya tabbatar babu toshewa. Sannan a ba mutum ƙwai mai ɗan sinadarin da na'ura ke gani, a riƙa ɗaukar hoto har awa 4. Idan bayan awa 4 fiye da kashi 10 cikin 100 na abincin bai sauka daga tumbi ba, akwai jinkiri.

Ana zuwa wannan gwaji ba a karya ba. Don Allah ku faɗi duk maganin da kuke sha, musamman tiramadol, yana ɓata sakamakon.