Sanarwa kan magudanan ruwa da asibitin unguwa

Assalamu alaikum, ƴan uwa matasan wannan zaure.

Damina ta kankama, kwatocinmu kuwa sun cushe da ledoji. Ruwan da ke kwance a lunguna shi ke gangarawa cikin rijiyoyi, daga nan cutar amai da gudawa take samun ƙofa, sauro kuma ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Mu sani cewa kwashe shara, kula da kasuwanni da tashoshin mota, da rajistar haihuwa da mutuwa, duk aikin ƙaramar hukuma ne bisa tsarin mulkin 1999, kuma tana da hannu a kiwon lafiya matakin farko. Bayan haka, a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Don haka tambayar shugaban ƙaramar hukuma inda kuɗin tsafta ya shiga haƙƙinmu ne, cikin ladabi.

Amma mu fara da namu. Ranar Asabar ta ƙarshen wata, da zarar an idar da sallar asuba, kowa ya fito da shebur, manjagara ko baro. Bayan aikin za mu rubuta takarda zuwa ga Ciyaman ta hannun Kansilanmu da Mai Unguwa: a kawo motar kwashe abin da muka yashe, a kuma ƙara ma'aikata a asibitin sha-ka-tafi, domin mata masu awon ciki na wuni a layi.

Don Allah banda siyasar jam'iyya a nan. Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Alhamis.