A daina mayar da mu inda ruwa ya kore mu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan sake gina gidajen da ruwa ya ci, tun yanzu da rani, lokacin da kowa ya mance da ambaliya. Ni magini ne a ƙasar Argungu. Ba abin alfahari ba ne, amma shekarar da ruwa ya yi ɓarna ita ce shekarar da kasuwarmu ke buɗewa. Akwai gidajen da aka tayar bayan ambaliyar 2010, da ruwan madatsar Goronyo ya gangaro ta Gulbin Rima, aka kuma sake tayar da su bayan ta 2020, a wuri ɗaya, a kan tsohon fandisho, da irin ƙasar da ta narke a karon farko.

Idan aka nuna mahaukaciyar guguwa tana kwashe rufin gidaje a Amurka, mutanenmu kan ce Allah ya kyauta, mu dai ba mu da teku. Alhali da yawa daga cikin manyan guguwar nan ta kanmu suke bi. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina, shi ne ke ratsa ƙasashenmu ya wuce Senegal ya faɗa Tekun Atalantika, in ya tarar da ruwan teku da ɗumi sai ya yi ƙarfi ya fara juyi. Masana sun ce duk ƙarin zafi na digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Danshin nan dole ya sauka. Su mutanen Amurka yana zo musu da iska da tumbatsar teku, mu kuma ruwan da ya kamata a yi cikin mako biyu sai a zubo mana shi a dare ɗaya.

Saboda haka yadda suke yi bayan ɓarna ya shafe mu. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa ganuwar da ke tare ruwa a New Orleans, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, fiye da mutum 1,000 suka mutu. Gwamnatinsu ta kashe sama da dala biliyan 14 ta sake ganuwa da injinan zuƙe ruwa. Wannan hanyar masu kuɗi ce, ba tamu ba. Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta wata unguwar bakin teku a New York mai suna Oakwood Beach. Bayan guguwar Sandy a 2012, mazauna unguwar da kansu suka haɗu suka ce wa gwamnatin jiharsu ta saye gidajen, sun gaji. Aka biya su farashin gidajen na kafin ɓarna, aka rushe, aka bar wa ciyawa da ruwa wurin. Ba korarsu aka yi ba, kuma ba hannu rabbana suka tashi ba.

In an ce Amurka ce, to ga Bangaladesh, ƙasar talakawa manoman shinkafa irinmu. Guguwar 1970 ta kashe musu aƙalla mutum 300,000. Ba su da inda za su kwashe jama'a, sai suka riƙa gina makarantu a kan dogayen ginshiƙai, yara su yi karatu a ciki, ranar da ruwa ya taso gari ya hau. Suka kuma horar da 'yan sa-kai masu zagayawa da lasifika. Da guguwar Sidr ta zo a 2007, waɗanda suka rasu ba su kai 4,000 ba a lissafin hukuma.

Mu fa? Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashe, rediyo ya yi ta sanarwa: mazauna bakin gulbi su tashi su koma kan tudu. Tudun wa? Ko'ina da mai shi. Mutumin Augie ko Suru ko Bagudo da ya ƙi tashi ba taurin kai ke damunsa ba. Abincinsa na cikin fadama, jirginsa da komarsa na bakin ruwa, iyayensa a nan aka rufe su. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Kebbi a 2015, hannun jama'a ya ƙara nutsewa cikin fadama, shi ya sa da ruwan 2020 ya zo, rahotanni suka ce ya shafe wajen hekta 450,000 na shinkafa. Wanda ya rasa gida da gona rana ɗaya, ga bashi a wuya, in ka miƙa masa bandir ɗin kwano da buhun siminti biyu, ina kake so ya kai su in ba tsohon kangonsa ba?

Tashin gari ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tayar da fiye da mutum 40,000 a yankin Yawuri da Ngaski da Bussa, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. An gina musu gidajen siminti iri ɗaya, da yawa kuma sai da suka ƙara ɗakunan laka da rumbuna irin nasu kafin wurin ya zaunu. Wanda bai tambayi matar gida inda take son murhunta da turken awakinta ba, bai gina mata gida ba.

Abin da nake gani shi ne a raba wurin kwana da wurin noma. Gona ta zauna a fadama, don ruwan da ke ɓarna shi ne ke kawo taki. Amma iyali da rumbu su hau tudu mafi kusa, inda mutum zai iya zuwa gona da ƙafa ko babur. Ƙaramar hukuma da hakimi su sayi filin daga masu shi, a yanka fuloti, a ba kowa takarda da sunansa, a fara kai rijiyar burtsatse da makaranta da masallaci kafin a ce wa kowa ya taso. In babu ruwan sha a tudun, kafin shekara ta zagayo kowa ya koma inda ya fito.

Inda kuma tashi ba zai yiwu ba, bari in yi magana a matsayin mai sana'a. Ginin laka ba ruwan sama ke kayar da shi ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne. Kwana uku zuwa huɗu yana sha, sai gindin ya jiƙe ya narke, katangar ta zauna. Kuɗin da muke zubawa a kwano mai sheƙi, a ƙasa ya kamata su tafi. Ruwa yakan bar zane a jikin bango da itace, kowane mai unguwa ya san inda ya tsaya. A shafa fenti a wurin. Duk sabon gini, a ɗaga fandishonsa da dutse ko bulo har ya haura zanen, a cike cikin ɗaki da jan ƙasa a daɓe, sannan a ɗora laka a sama in ita ce ƙarfin mai gida. Ɗaki ɗaya da aka yi haka ya fi ɗaki uku da za a sake. Bulon ma a duba shi, domin wasu masu bugawa suna ja wa buhun siminti ɗaya har sai ka murza bulo da yatsa ya zube. A ɗaga bakin rijiya, a nisanta ta da salga, saboda amai da gudawa ne ke biyo bayan ruwa.

Cikin gari ma ba mu tsira ba. Ana yanka fuloti a kan hanyar ruwa, mai saye ya san haka, mai sa hannu ma ya sani. Manya na cewa ruwa ba ya barin hanyarsa. Gummi ta gani a 2024, Mokwa ta gani a watan Mayun 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu cikin 'yan sa'o'i.

Roƙona gare ka, Edita, kada wakilinka ya jira sai Satumba ya zo ɗaukar hoton mata a kan kwalekwale da tabarmi a ka. Ka turo shi yanzu ya zagaya Argungu da Bunza da Yawuri, ya tambayi shugabannin ƙananan hukumomi fuloti nawa suka tanada a tudu, ya kuma duba a ina ake kafa kwanon tallafin bara. Ginin laka yana son rana ya bushe, in Yuni ya kama ba a yi ba, sai kuma wata shekara.

Na gode.

Naka,
Wani magini daga Argungu, Jihar Kebbi