Kafintoci su san irin fotin da ke hannunsu kafin su farfaɗo da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwana kafintoci game da fotin da muke cike ramin ƙusa da tsagar katako da shi. Abu ne da ake rainawa a sana'armu, alhali sau da yawa shi ne yake zubar wa kafinta mutunci bayan kaya sun isa gidan mai su. Yanzu hunturu ya kama, aikin gadaje da kujerun amare ya yi yawa daga Na'ibawa a Kano har Panteka a Kaduna, kuma gwangwanin da aka bari a buɗe da hantsi yakan yi ɓawo kafin azahar. Wasu sukan jefar da shi duk da tsadarsa, wasu kuma su tsiyaya masa duk abin da hannunsu ya kai, ko ruwa ko fetur ko kalanzir.

Maganar gaskiya, foti ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da yake gyara wani shi yake kashe wani. Wanda aka haɗa da ruwa ba shi da kaifin wari, kuma ana wanke shi daga hannu da ruwa tun yana ɗanye. Idan ya yi tauri amma yatsa yana iya lotsa shi, sai a ɗiga masa ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan, a cuɗa, a rufe shi ya kwana, washegari a sake cuɗawa. Idan kuwa ya riga ya zama dutse, to ya tafi ke nan, domin gam ɗin da ke cikinsa ya riga ya ƙulle kuma ruwa ba ya warware shi. Ko an daka shi an kwaɓa, gari ne kawai da zai zube daga ramin da zarar samfefa ta hau kansa.

Wanda yake da wari mai hawa kai kuwa, ruwa ba ya shiga jikinsa ko kaɗan. Yawancinsa danginsu ɗaya da jan farcen da mata suke shafawa, shi ya sa asiton, wato sinadarin da ake goge jan farce da shi, ko tina mai kyau, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, suke narkar da shi ko da ya bushe sosai. A zuba kaɗan, a rufe gwangwanin ruf, a ba shi sa'o'i ya sha, sannan a motsa. Gaggawa ce take ɓata aikin, domin wanda ya malala masa tina har ya yi ruwa-ruwa zai ga ramin ya cika yau, gobe ya lotsa, tunda abin da ya cika shi ya bi iska. Kuma a kiyaye wuta: asiton yana tafasa ne a kusan digiri 56 na ma'aunin Celsius, tururinsa yana kamawa daga nesa, ga rumfunanmu cike da garin katako, wani lokaci ma da mai shayi a gefe.

Fetur da kalanzir su ne na fi jin takaicinsu. Kalanzir musamman yana barin maiƙo a cikin katako, sai fenti ya ƙi kama wurin, bayan 'yan watanni a ga tabo ya fito a fuskar gado ko ƙofa. Shi kuma fotin masu gyaran jikin mota, wanda wasunmu suke ara domin manyan ramuka, da zarar an haɗa shi da maganin da ke sa shi daskarewa babu wani sinadari da zai dawo da shi, don haka a kwaɓa daidai abin da za a shafa cikin 'yan mintuna. Haka ma haɗin gargajiya na garin katako da farin gam.

Duk wannan wahalar ana iya kauce mata da ajiya mai kyau. A ɗebi abin da ake bukata a kan guntun katako a mayar da murfi nan take, a goge bakin gwangwani domin busasshen foti ne yake hana murfi zama, a shimfiɗa leda a kan fotin a danna ta har ta manne, sannan a rufe a kifa gwangwanin a inuwa, nesa da zafin kwano. Idan ya rage kaɗan a mayar da shi ƙaramin mazubi, saboda iskar da ke cikin babban gwangwani ita kanta tana busar da shi. Wanda aka farfaɗo da shi kuma a gwada shi a kan guntun katako, a bari ya bushe, a goga samfefa a gani kafin a kai shi jikin kayan mutane.

Ina kuma kira ga masu sayar da kayan aiki da suke ɗura foti a ƙananan robobi suna sayarwa da awo, su riƙa rubuta irinsa a jikin robar, domin yaron da aka aika ya saya ba shi da hanyar sanin ko na ruwa ne ko na tina.

Na gode.

Wani kafinta, daga Kano.